Jinin Tamada a Kan Inji

Sufeto Bilyaminu ya iso bakin ruwan Wara da ragowar ƙosai a baki, ya tarar da gawar Tamada masunci cikin jirginsa, kwalbar maganin kashe kifi a gefe. Dangin miji kuwa har sun gama shari'a: matarsa Barakatu ce ta ba shi. Dole ya kulle ta a sel, kada su kashe ta.

"Ranka ya daɗe, da kanshi ya sha," in ji ta. "Tun da sakamakon jininshi ya hito yake kuka. Wai cutar kansa ce, wai zai ruɓe da rai."

Sufeto ya hau babur sai Yelwa, ɗakin gwajin jini.

"Wa ya ce kansa?" Christiana mai gwaji ta ɗaga gira. "LDH ɗinsa ne ya hau. Sinadari ne a cikin ƙwayoyin jiki, in sun fashe sai ya zubo. To wannan jinin a fashe ya zo min, ruwansa ja kamar zoɓo, kwalbar duk baƙin mai. Zafi ya sha, da jijjiga. Na ce a sake ɗibo wani."

"Kika gaya wa wa?"

"Wanda ya kawo. Gidaɗo, taubashinsa. Ya taɓa yi mana shara nan, ya san komai."

Gidaɗo yana wurin zaman makoki, ya fi uwar mamacin kuka.

"Yallaɓai, jinin nan cikin kular ƙanƙara na kai shi," ya ce wa Sufeto.

"Iye! Ƙanƙarar Wara har man inji take zubarwa?"

Kukan ya tsaya cak.

"Wasa ne fa, yallaɓai. Kowa ya san taubasai. Bara shi ya tsoma ni ruwa gaban 'yan mata, aka yi ta dariya. Na ɗaure kwalbar bisa injin jirgi, na dawo na ce mishi kansa ce."

"Yana kuka kana kallo?"

"Har wasiyya ya bar min." Bakinsa ya ɗan motsa, dariya na son kufcewa. "Da sallah na so in gaya mishi."

Sufeto ya danna masa ankwa har ta ci fata.

A ofis aka buɗe wa Barakatu. Ta dubi Gidaɗo da ake turawa ciki, sannan ta juyo.

"To mi ke damun mijina, ranka ya daɗe?"

Sufeto ya dubi takalminsa.

"Ba komai, Hajiya. Lafiyarsa ƙalau."