Motar Kawu Haladu

Ku matso kusa. Nafi'u, rage fitilar nan. Wannan ba tatsuniya ba ce, a kan Kawu Haladu ta faru.

Kun ga 'yar motar da kaji ke kwana ƙarƙashinta a bayan gidansa? Daga Kwatano aka kawo ta tun yana aikin malanta. Ƙofa biyu gare ta, inji ɗan mitsitsi. Abokansa suna ce mata akwatin ashana. Amma ba ta shan mai. Idan ya zuba kaɗan, sai ya manta hanyar gidan mai.

Shekarar da aka yi wahalar mai, matarsa Inna Ladidi tana kwance a asibitin birni, haihuwa ta zo mata da gardama. A gida kuma zazzaɓi ya kama 'yarsu Sahura. Jiki kamar garwashi. Ba ta cewa komai sai "Umma."

Manyan motocin ƙauyen duk suna tsaye, babu ɗigo. Ko 'yan bumburutu ba su da shi. Allurar mai ta Kawu tana kan ja. Ya kwantar da yarinyar a baya, ya yi bismilla, ya kama hanyar Rafin Kanya gab da magariba.

A kan gada motar ta yi tari, ta mutu.

Ya murɗa makulli. Shiru. Ya kifa kai a sitiyari yana kuka.

"Malam, birni za ka?"

Mace ce tsaye a gabansa, cikin baƙin mayafi. Amma muryar daga bayan kunnensa ta fito.

Ya ce, "Baiwar Allah, mai ya ƙare."

"Buɗe mini dai."

Da za ta shiga, ya ga ƙafarta. Ba yatsu. Kofato ne, jiƙe da laka. Siririyar mace, amma da ta zauna sai da bayan motar ya lotsa.

"Tayar. Kada ka kalli madubi."

Ya murɗa makulli. Motar ta tashi.

Suka yi ta tafiya. Babu ƙarar inji, sai iska. Yana jin matar ta ɗora Sahura a cinya tana yi mata waƙa da wani harshe. Yarinyar ta daina nishi.

Can matar ta ce, "Ni ma ina da ɗiya. Ranar da aka sare kanyarmu don a yi gadar nan, ina can nesa. Ta yi ta kirana. Ban iso ba."

Addu'a kawai yake yi a zuci.

A ƙofar asibiti motar ta tsaya da kanta. Ya waiwaya. Sahura ce kaɗai, idonta biyu.

Ya sungume ta da gudu. Inna Ladidi ta miƙo hannu daga kan gado. Yarinyar ta taɓa fuskar uwarta, ta ce "Umma," ta yi murmushi. Kafin likita ya iso kan Sahura, rai ya yi halinsa.

Washegari bakanike ya kwance tankin. A bushe yake ƙayau. Ya ce, "Malam, turo ta aka yi?"

Kawu bai ƙara tuƙa ta ba, ya kuma ƙi sayarwa. Duk wanda ya taya, sai ya ce tana da mai ita.

To, ku ji ni. Idan rana ta yi ja, kada ɗayanku ya bi gadar Rafin Kanya shi kaɗai. Matar nan tana can har yanzu. Kuma ba kullum tausayi ke tsayar da ita ba. Wani lokacin kewa ce.

Ku yi addu'a, ku kwanta.