Tagar Ɗakin Inna

Auta na gaban madubi tana zana gira lokacin da ta sake jin sautin nan na jan silifas a kan siminti, a hankali, irin tafiyar wadda gwiwa ta hana sakat. Hannunta ya kauce, girar ta karkace. Ta san babu kowa a barandar. Inna, mahaifiyarta, ta rasu tun damina ba ta ɗauke ba, amma kunnen Auta ya ƙi yarda da zancen.

Ɗaki ɗaya aka ba ta ita da mijinta Dogo a gidan iyayensa, wai kafin su gama gininsu. Kwalaye sun kai rufi, labulen sabon gida na cikin ledarsu, kullum sai mutum ya yi tafiyar kaguwa kafin ya kai bakin gado.

Dogo ya shigo riƙe da waya.

"Birkila ya sake kira. Ya ce kafinta ba zai ɗora katako ba sai an faɗa musu yadda za a yi da ɗakin kusurwa."

"Masoyina, yau kam ba zai yiwu ba. Bazde ɗin 'yar ƙawata ne, daga can kuma akwai liyafar ofis."

"Jiya ma haka kika ce."

"To jiya ai buɗe shagon maƙwabciya aka yi. So kake a ce ba ni da zumunci?"

Ya dube ta, ya dubi karkatacciyar girar, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Shi Dogo haka yake, haƙurinsa har haushi yake ba mutane.

Ɗakin kusurwa ɗakin Inna ne. Tun ana haƙa tushe Auta ta yi mata alkawarinsa, tsohuwar kuwa ta riƙe maganar gam. Duk zuwan Auta sai ta ce, "Yaushe za ki kai ni in ga ɗakina?" Ita kuma ta ce, "Sati mai zuwa, Inna, wannan satin hidima ta yi yawa." Ana cikin sati mai zuwa aka wayi gari babu Inna. Tun daga ranar Auta ba ta ƙara bin ko titin ginin ba. Ta koma ba a yin taro babu ita, domin a cikin hayaniya ne kaɗai take samun sauƙin sautin nan.

Tana ɗaura ɗankwali ta jiyo Yaya Babba, yayar Dogo, ta tare shi a tsakar gida. Yaya Babba ba ta iya raɗa ba, ba ta kuma taɓa ƙoƙarin koya ba.

"Kai wai namiji ne ko matashin kai? Gini ya tsaya ruwa ya gama dukansa saboda ɗaki ɗaya, ita kuma madam tana can tana zuba hotuna a waya! Mai ɗakin ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. A fasa bangon a haɗe da falo, a wuce wajen."

"Yaya, a ƙara mata lokaci."

"Lokacin me? Macen da ba ta son ganin gidanka, aurenka ne ba ta so. Gobe da safe zan kai lebura da guduma. In ta yi magana, ta tattara kwalayenta, ni zan nemo mata mota."

Auta ta wuce su kai a sunkuye, ta gaida Yaya Babba, aka amsa mata da hanci.

A wajen bazde an cika falo maƙil, yara na fasa balan-balan, kiɗa na dukan ƙirji. Ƙawarta ta jawo ta. "Zo mu yi selfi, kin ga yadda kika haɗu kuwa?" Auta ta yi murmushi, sai ta ji shi a bayanta, a ƙarƙashin kiɗan, jan silifas na matsowa. Bai taɓa biyo ta cikin mutane ba sai yau. Kek ɗin da ke bakinta ya zama kamar auduga. Ta ɗauki jakarta ta fita ba sallama. Ta yanke shawara a ranta: gara ta je da kanta ta ce a rushe ɗakin, ko ta huta.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta isa. Ma'aikata sun tashi. Ciyawa ta fito a jikin tulin yashi, bulo ya yi kore, gidan na tsaye ba rufi, ƙofofinsa a wangale. Tsinin takalminta na nutsewa a ƙasa, ta cire ta riƙe a hannu. Daga can ciki ta ji sautin, wannan karon a fili, ana ja ana tsayawa. Ta dafa bango ta ci gaba har ƙofar ɗakin kusurwa.

Dogo ne, ya naɗe hannun riga yana shara. Duk gidan tarkace ne da buhunan siminti, ɗakin nan kaɗai yake fes.

"Me kake yi a nan?"

"Nakan biyo in na tashi aiki."

Ta kauda kai don kada ya ga idonta, sai ta lura da tagar. Ta yi ƙasa sosai, da ƙyar ta kai mata ƙugu, ga bulo biyu an ɗora a gabanta kamar kujera.

"Ka ga ma sun ɓata tagar. A rushe kawai, Yaya ta fi mu gaskiya."

"Ba ɓatawa suka yi ba. Mai ɗakin ce ta auna."

Auta ta juyo.

"Na kawo ta," ya ce a hankali. "Ranar da kuka tafi rakiyar ƙawarki filin jirgi. Ta kira ni ta ce, 'Ɗana, in kana da sarari zo ka kai ni.' A baya na goya ta muka tsallake ramin can. Ta zauna a kan bulon nan, ta ce wa birkila ita yanzu a zaune take kallon duniya, ya sauko mata da taga daidai idonta. Ta daɗe tana kallon titi, har da yi wa masu wucewa sannu."

"Ta gani?" in ji Auta. "Inna ta ga ɗakinta?"

"Ta gani, ta sa albarka. Ta ce kada in faɗa miki, za ki ji kamar ta kai ƙararki. Ta ce ranar da kika zo da ƙafarki, tagar za ta gaya miki. Na yi mata alkawari, shi ya sa nake ta jira."

Auta ta zauna a kan bulon da kayan fatinta. Daga nan ana ganin titi sarai, da bishiyar bakin hanya, da wata mata tana kwashe shanya. Ta fashe da kukan da ta yi ta ɓoyewa a bayan hoda tun ranar rasuwa. Dogo bai ce ta yi shiru ba, ya tsuguna kusa da ita ya riƙe mata takalman.

Washegari Yaya Babba ta iso da leburanta, ta tarar da Auta a ƙofar ɗakin, ido a kumbure. Auta ta durƙusa ta gaishe ta, ta ba ta labarin tagar tun daga farko. Yaya Babba ta yi tsaye ƙiƙam, sannan ta shiga ta zauna a kan bulon, ta leƙa waje. Ta daɗe tana kallon titi.

"Kai kuma," ta ce wa leburan tana share ido da gefen mayafi, "ka tsaya kana kallon mutane da guduma. Ajiye ta ka je ka kama wa kafinta katako."

Kafin sanyi ya shigo an rufe gidan, suka tare. Auta ba ta daina zumunci ba, sai dai ta koyi cewa "ba zan samu zuwa ba" ba tare da ta ji kunya ba.

Sau da yawa wanda muke gani yana dariya a kowane taro, gudun wani abu yake yi, kuma ba da gori ake dawo da shi ba, sai da haƙuri irin na Dogo. Wanda kuma tsohonsa ke raye yana roƙonsa wata 'yar buƙata, ya tashi ya biya masa yau. Auta ta yi sa'ar miji da ya goya mata uwa ya tsallake rami da ita, amma ba kowa ne zai samu wanda zai je a madadinsa ba.