Bikon Ummusalma

"Kada ki fita, Ummu… don Allah kada ki fita."

Modupe ce ta tare ƙofar ɗakin, ƙawarta tun sakandare, yanzu lauya. Ita ta ɓoye Ummusalma a gidanta na Tudun Wada, ita ta kai ta kotu da kumburarren ido, har alƙali ya haramta wa Nura kusantarta.

Nura, mijinta. Wanda a da yake tsayawa cikin ruwan sama a kasuwar Terminus har ta tashi daga shagon ɗinki. Danginta sun ƙi shi, ta yi ta kuka har suka sallama. Abin takaicin, har yau in an ambaci sunansa sai zuciyarta ta motsa.

A falo Gwaggo Tabawa ce zaune, yayar mahaifin Ummusalma, ko mayafi ba ta cire ba. Ta ce dattawan gidan su Nura sun je biko, sun durƙusa, Baba ya amsa. Yaji ya ƙare.

Modupe ta yi bayanin cewa wannan ba yaji ba ne, ceton rai ne, kuma in Nura ya tako nan za a kama shi.

"To ya tako ne, 'yar nan?" Gwaggo ta tambaya a sanyaye. "Alƙali ya hana shi zuwa wurinta. Ya hana ta zuwa wurinsa?"



Ummusalma ta fito, ta durƙusa, ta ɗaga hannun rigarta ta nuna shatin wayar caja. Gwaggo ta duba sosai, ta sauke mata rigar da kanta.

"Ke kika zaɓe shi, uwata. Babanki ya ce in kin ƙi, kada ki je jana'izarsa."

Haka muke yi. Mu kai yarinya ga halaka, mu kira shi tarbiyya.

Ummusalma ta bi Gwaggo suka hau keke, tana jiyo Modupe a baya tana faɗa da wani jami'in tsaro a waya. Da ƙafarta ta tafi? Eh, da ƙafarta, amma…

A unguwar Nasarawa Gwom Nura na tsaye bakin ƙofar gidansa cikin farar shadda. Ya gaida Gwaggo har ƙasa, ya biya mai keke.

"Sannu da dawowa, masoyiyata," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Har da kotu, ko?"

Ta waiwaya. Keken ya riga ya sha kwana da Gwaggo a ciki.

Ya matsa gefe ya ba ta hanya. Ta shiga.