Kason Kogi

Tun da sojoji suka rufe gadar Gaya, kaya suka koma ƙetarewa a kwalekwale, lissafin kayan ya fi ƙarfin kwamfutar ofishin bakin kogi. Siddo, ɗan masunci mai kula da ita, ya raba nauyin tsakanin na'urori uku.

Bayan isha'i yana shi kaɗai, sai allon kwamfutar ya nuna kaso huɗu. Ƙarnin kifi ya cika ɗakin.

"Siddo," in ji wata tsohuwa da ke tsaye a cikin ɗakin, jikin ƙofar da ya kulle. "Ubanka bai taɓa rabo ya manta da kogi ba."

"Inna, wannan ba kifi ba ne."

"Ta kaina kayan ke wucewa."

Ya dubi ƙafafunta. Babu su, sai ruwa, ya riga ya kai idon sawunsa.