Sunan Da Auta Ta Ƙi Gogewa

Ranar da wani saurayi ya fara zuwa asibitin Abbanta, a ƙarƙashin tebur Auta ta same shi yana bin wayoyin kwamfuta, ƙafafunsa sun tare hanya. Nan take ta laƙaba masa Dogo.

Aikinsa gwada tsaron kwamfutoci, ya gano ɓaraka kafin masu kutse su riga shi. Ita ke kula da bayanan marasa lafiya, don haka ita ta buɗe masa akawun na admin, mai ikon taɓa komai. Da ya kammala ya ce, "Ki goge akawun ɗin nan yau. Wanda aka bari ba mai kula da shi, shi masu kutse suke nema."

Ta ce to, amma ina! Soyayya ta riga ta yi mata kamu. Kullum da safe sai ta buɗe kwamfuta ta kalli sunansa, tana murmushi ita kaɗai.

Da Dogo ya nemi aurenta kuwa, Abba bai so zancen ba. "Mutumin da sana'arsa shiga kwamfutar mutane? Hankalina bai kwanta ba."

Wata safiya nas ta shigo a guje, wai bayanan marasa lafiya sun ƙi buɗuwa. Auta ta duba. Wani ne ya kutso da ikon admin, ta akawun ɗin Dogo.

Nan da nan ta tura masa saƙo: "Dogona, an shigo mana, kuma da sunanka. Tsoro nake ji."

Ya amsa: "Zare wayar intanet, kar ki kashe komai. Ga ni nan, Autata."

A bakin ƙofa Abba ya tare shi, ransa a ɓace. "Sunanka aka gani. Me za ka ce kafin in kira 'yan sanda?"

Dogo ya dubi Auta, ya gane komai. Ya sunkuyar da kai, ya ƙi tona ta.

"Abba," ta ce, "ya ce in goge akawun ɗin. Ni ce na ƙi."

"Don me?"

"Don ina son ganin sunansa."

Abba ya dubi layin marasa lafiya, ya matsa gefe. Dogo ya toshe kafar da aka bi, ya canza duk kalmomin sirri, ya dawo da bayanan daga kwafin da ya adana musu tun farko. Auta da kanta ta goge akawun ɗin, tana hawaye.

Da komai ya lafa Abba ya kira shi. "Da kalma ɗaya za ka wanke kanka, amma ka rufa wa 'yata asiri. Ka turo manyanka."

Ranar aurensu ta turo masa: "Na yi kewar sunanka a kwamfuta."

"Ga mai sunan kin samu ɗungurungum, Autata."

Allah Ya bar su tare, Ya tsare musu gidansu.