Muryar Da Ke Layin Zonkwa

Zamzam na durƙushe tana zuba wa mahaifinta ruwan wanke hannu, sai ya ɗago ya kafe ta da ido.

"Ke! Da gaske ne abin da nake ji a kasuwa? Wai 'yar Alhaji Lawal mai goro ce ke ƙyalƙyala dariya da maza a wayar reluwe?"

Ta ajiye butar. "Baba, wallahi kacici-kacici ne kawai..."

"Rufe mini baki!"

Shekara guda ke nan Zamzam na aikin waya a tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Layi ɗaya ne ya haɗa tashoshin, duk wanda ya ɗaga yana jin kowa. In rana ta take babu jirgi a hanya, sai ma'aikatan su shiga kacici-kacici, wanda ya kasa amsa ya ba da gari. Oga Luke, shugaban tashar Zonkwa, shi ne uban wasan. Amma muryar da Zamzam ke jira ta akawunsa ce, Musbahu, sarkin surutu, wanda ya cinye mata garuruwa tun daga Kagoro har Jos, daga ƙarshe ya haɗa da zuciyarta. Ba su taɓa ganin juna ba. A makon jiya ya nemi izinin turo magabatansa, ita kuma ta raɗa wa Innarta, A'i.

"Alhaji, yaron fa da aure ya zo," in ji Inna A'i a hankali.

"Aure? Wa ya san ubansa? A wannan zamanin da kowa ke kwana da ido ɗaya? Ƙarshen wata ki ajiye aikin nan. Kafin nan kuma, in na ji kin sake yi masa magana, ban yafe ba!"

Zamzam ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Washegari da izinin Inna ta faɗa wa Musbahu sau ɗaya tak. Ya ce, "Ki bi maganar Baba, Zamzam. Ni ina nan."

Daga ranar, in aka fara wasa sai ta ajiye kan wayar ta haɗa kai da tebur.

Shekarar 1992 ce, yankin duka ana zaman ɗar-ɗar, jita-jita kaɗan ta isa ta watsa kasuwa. Ranar kasuwar Zonkwa Alhaji ya kafa jar dararsa ya bi motar safe zuwa can da huhun goro biyu, kamar yadda ya saba duk mako. Wajen sha ɗaya wani direba ya faɗo cikin tashar yana haki.

"An watse a Zonkwa! An tare hanya, ba shiga ba fita!"

Zamzam ta finciki wayar.

"Zonkwa! Zonkwa, Kafanchan ce! Halo!"

Shiru. Ta sake kira, ta kuma, ba amsa. Hellen, abokiyar aikinta, ta riƙe mata kafaɗa. "Kwantar da hankali, sista, Ubangiji yana gani." A waje mata na janye 'ya'yansu, masu tebur na kwashe kaya. Inna A'i ta iso da mayafi a karkace, takalmi ƙafa ɗaya.

"Ina babanki? Me wayar ta ce?"

Zamzam ta miƙa mata kan wayar, ta ji da kanta ba mai amsawa.

Sai bayan azahar wayar ta yi ƙara. Muryar Oga Luke ce, ba ta Musbahu ba. A bayansa ana jin hayaniyar maza da bugun sanduna a jikin ƙofa, wani na cewa, "Oga, mun ga baƙi sun yi nan!"

"Ba kowa nan sai citta," in ji Oga Luke. "Ku bar ni na yi aiki na." Sannan ya yi wata dariya wadda ba ta kai ciki ba. "Kafanchan! Yarinya na, kin gudu daga wasa kwana biyu. Ga ɗaya, in kin isa."

Zamzam ta kusa fashewa da ihu. Wasa, a wannan rana? Amma ta ji yadda numfashinsa ke sarƙewa, ta gane ba shi kaɗai ba ne a ofis ɗin.

"Ina ji, Oga."

"Tsohon zakara mai jan kai, da ɗan tsako mai yawan surutu. Na kife su kwando ɗaya, shaho yana zagaya. Mene ne?"

Ta runtse ido. Jan kai... jar dara! Ɗan tsako mai surutu kuwa ba sai an faɗa mata ba. Suna raye! Ta cije leɓe don kada kuka ya tona su.

"Na kasa, Oga," ta ce. "Wane gari kake so?"

"Ba ni Kafanchan. Da jirgin kaya na ƙarfe huɗu zan zo na ci shi."

"Na ba ka!"

Layin ya mutu. Ta zube a jikin Inna tana raɗa mata, "Baba na raye. An ɓoye su. Jirgin ƙarfe huɗu."

Ƙarfe huɗu ta yi, babu jirgi. Huɗu da rabi, babu. Hellen ta fita ta dawo ya fi sau goma. Zamzam ta tsaya bakin dandamali tana kallon inda dogo ya ɓace cikin ciyawa, tana ta ayyana abubuwa marasa daɗi: ko an bincika taragun, ko an tare jirgin a daji. Inna na jan carbi har zaren ya tsinke, 'ya'yansa suka warwatse, ba wanda ya sunkuya ya tsinta.

Biyar saura kwata suka ji usur.

Jirgin ya tsaya, gadi ya zare ƙofar tarago na uku. Warin citta ya bugo su. Daga tsakanin buhuna wani siririn saurayi ya fito, goshinsa a fashe, rigarsa duk jini, yana goye da Alhaji wanda ƙafarsa ke naɗe da tsumma.

"A hankali, Baba, mun iso," ya ce.

Zamzam ta san muryar nan.

Alhaji na zaune a benci ya ba da labari, hawaye na bin gemunsa. Da kasuwa ta watse an ture shi ya faɗa kwata, ƙafa ta gurɗe, kowa na tsallake shi. Wannan yaron ne ya baro tasha ya kutsa cikin jifa yana tambayar ina Alhaji Lawal mai goro, ya saɓe shi har ɗakin ajiya, Oga Luke ya jera musu buhuna ya tsaya a ƙofa da kansa.

"Sai a cikin tarago na tambaye shi ko shi wane ne, ya ce shi ne akawun da ke neman Zamzam," in ji Alhaji. Ya dubi Musbahu. "Ka san ni ne na hana ka 'yata?"

"Na sani, Baba."

"To me ya fito da kai?"

Musbahu ya sunkuyar da kai. "Mahaifinta ne kai. Ko ba ka ba ni ita ba, ba zan so ta yi maraici ba."

Alhaji ya juya ga 'yarsa. "Tun da na hana ki, kin sake yi masa magana?"

"Sau ɗaya, Baba, da izinin Inna, don in faɗa masa ka hana."

"Allah Ya yi miki albarka. Yaro, ka turo manyanka."

Bayan wata huɗu, da ƙasa ta lafa, aka ɗaura aure. Alhaji da kansa ya dogara sanda ya je Zonkwa gayyatar Oga Luke, ranar biki kuma ya zaunar da shi a kan tabarmarsa, suka ci tuwo kwano ɗaya.

Zamzam ba ta tsallake maganar mahaifinta ba ko a lokacin da zuciyarta ke ƙuna, Allah kuwa Ya ba ta abin da take so ta hannun mahaifin nata. Iyaye su ma su riƙa bincike kafin su yanke hukunci, domin yaron da Alhaji ya ƙi ko jin sunansa, shi ne ya goyo shi ya kawo shi gida.