Hawayen Albasa

Yaya Tanimu, kullum kai ke ba ni labari. Yau da ba ka, bari ni ma in ba ka.

A zamanin da, a ƙasar Masar, ana cewa ɗigon hawaye ɗaya tak ke cika babban koginsu kowace shekara. Wata shekara kogi ya ƙi tasowa, gonaki suka tsattsage. Sai mutanen wani ƙauye suka taru a bakin ruwa da kwandunan albasa. Suka yanka, suka sha kuka, kogi ko gezau. Suka ƙara yankawa, suka ƙara kuka, kogi ko gezau.

Akwai wani mai fito, sarkin barkwanci, wanda ko ranar da aka binne wansa bai yi kuka ba. Wata tsohuwa ta miƙa masa albasa, ta ce, "Kai ɗan nan, taimaka mana, idonka ai bai taɓa aiki ba!"

Ya ce, "Iya, kogi fa ba miya ba ne."

Ya koma jirginsa yana dariya. Sai ya ga filafilin tuƙi na wansa, mariƙin ya yi sulɓi don riƙo. Ya so ya kau da kai, amma bai kau ba. Ɗigo ɗaya ya faɗa ruwa.

Kafin la'asar kogi ya cika har ya kwashe kwandunan. Hawayen albasar kuwa kogi ya kai wa teku, shi ya sa har gobe ruwanta ba ya shayuwa.

Yaya, jiya na ga takalminka a bayan ƙofa. Ban faɗa wa kowa ba tukuna.